Tsohuwar Ƙauye Mai Sa Ido: Ra'ayin Masu Karatu

Wasiƙunku a kan littafin nan na Turanci, The Murder at the Vicarage, sun iso, ra'ayi kuwa ya rabu.

Ga waɗanda ba su karanta ba, wata Baturiyar Ingila ce, Agatha Christie, ta rubuta shi, aka buga a 1930. A wani ɗan ƙauye ne, St Mary Mead, aka iske Kanar Protheroe an harbe shi a ɗakin karatun limamin coci. Ba mai ƙaunarsa a garin, saboda haka zato ya faɗa kan mutane da yawa. Har mutum biyu suka fito, kowanne ya ce shi ya kashe shi. 'Yan sanda suka rikice, sai wata tsohuwa maƙwabciyar limamin, Miss Marple, ta warware al'amarin.

'Yan makaranta sun ce labarin yana da nawa, mutane sun yi yawa, ana ta shan shayi da hira. Lalle suna da hujja, gama ita Agatha da kanta ta faɗi a tarihin rayuwarta, wanda ya fito a 1977, cewa ta cika mutane a ciki. Amma fa, ƙannena, a cikin hirar nan aka ɓoye gaskiya. Wadda ta tsallake shafi ta tsallake shaida.

Matan aure kuwa tsohuwar ce ta raba su. Waɗansu sun ce matsegunciya ce kurum, tana fakewa da aikin lambu da kallon tsuntsaye tana leƙen maƙwabta. Waɗansu suka ce a'a, sanin halin ɗan Adam ne.

To, ni ina tare da na biyun. Matsegunciya da ta ji ƙishin-ƙishin sai ta yaɗa, ba ruwanta da wanda zai tozarta. Ita kuwa wannan tsohuwa, ko da ta ƙirga mutum bakwai da take zato, ba ta kama sunan kowa ba sai da ta auna lokaci da maganar kowa. Zato zunubi ne ko ya zama gaskiya, in ji Hausawa, balle a ɗora wa marar laifi kisan kai.

Sai ku tambayi kanku: in magana ta shigo gidanku game da ɗiyar maƙwabta, aunawa kuke yi ko yaɗawa? Ina jiran amsarku. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya, amin.