Ƙirƙirarriyar Basira Da Guguwar Sallamar Ma'aikata A Manyan Kamfanoni

A ranar 9 ga watan Nuwamba na shekarar 2022, Mark Zuckerberg, shugaban kamfanin Meta, wato kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, ya aika wa ma'aikatansa wasiƙa yana sanar da su cewa za a sallami mutum fiye da 11,000 daga aiki, kimanin kashi 13 cikin ɗari ke nan na dukan ma'aikatan kamfanin. Bayan mako uku, ranar 30 ga watan, wani kamfani mai suna OpenAI ya fito da ChatGPT, manhajar da ake yi wa tambaya a rubuce ta mayar da amsa tamkar mutum ne ya zauna ya tsara ta. Da shekarar 2023 ta kama, sai sanarwa ta riƙa bin sanarwa. A cikin watan Janairu kaɗai, Amazon ya ce zai sallami mutum 18,000, Microsoft 10,000, Google kuma 12,000.

Da yake abubuwan biyu sun zo a jere, jama'a da yawa sun haɗa su wuri guda, suka ce ai na'ura ce ta fara cinye aikin ɗan Adam. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma duk wanda ya bi ranakun a tsanake zai ga wasiƙar Zuckerberg ta riga ChatGPT fitowa. Ashe ke nan akwai abin bincike, kuma binciken ya shafi ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare mai tunanin fannin da zai karanta a jami'a, ya kuma shafi malamin da ɗalibin zai je wa neman shawara.

Yadda na'urar take aiki

Ƙirƙirarriyar basira suna ne da ake ba dabarun da ke sa kwamfuta ta yi ayyukan da a da sai mai hankali ke iya yin su, kamar fassara, da gane hoto, da amsa tambaya. Nau'in da ya ta da ƙura a 'yan shekarun nan shi ne mai rubutu. Tushensa wani tsarin lissafi ne da masu bincike takwas na kamfanin Google suka wallafa a shekarar 2017.

Abin da ake koya wa irin wannan na'ura ɗaya ne: hasashen kalmar da za ta biyo baya. Idan aka ce wa Bahaushe "lafiya", aka yi shiru, zai iya cikawa da "lau" ba tare da dogon tunani ba, domin ya ji kalmomin biyu tare sau ba adadi. Haka ake yi wa na'urar. Ana ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa daga littattafai da jaridu da intanet, tana hasashe, ana gyara mata, har ta ƙware wajen jera kalmomi yadda mutane suka saba jera su. Saboda haka jimlolinta kan fito sumul. To amma abin da take aunawa shi ne kalmar da ta fi dacewa da wurin, kuma dacewar kalma daban, gaskiyar magana daban. Wannan ne ya sa takan faɗi abin da babu shi cikin lafazi mai gamsarwa. Mai karatu ya riƙe wannan bayani, domin zai yi amfani nan gaba.

Asalin guguwar farko

Sallamar da aka yi a ƙarshen 2022 da farkon 2023 ta samo asali ne daga annobar korona. Lokacin da aka kulle mutane a gida a shekarar 2020, karatu da aiki da sayayya da hira duk suka koma intanet. Cinikin kamfanonin fasaha ya bunƙasa, su kuma suka shiga ɗaukar ma'aikata ba ji ba gani. Meta yana da ma'aikata kimanin 45,000 a ƙarshen 2019, amma zuwa watan Satumba na 2022 sun haura 87,000. Amazon ya ninka nasa cikin shekara biyu, daga kimanin 800,000 zuwa miliyan 1.6.

A wannan lokaci kuɗi ma yana da arha. Babban Bankin Amurka ya saukar da kuɗin ruwa zuwa kusan sifiri, don haka masu jari ba su damu ba idan kamfani ya kashe kuɗi yau da fatan riba bayan shekaru. Da tsadar kayayyaki ta yi ƙamari, sai bankin ya fara ɗaga kuɗin ruwa a watan Maris na 2022, har ya haura kashi 5 cikin ɗari a 2023. Nan take lissafi ya juya. Mai jari ya ga zai iya samun riba tabbatacciya ta hanyar ba gwamnati rance, sai ya fara tambayar kamfanonin fasaha inda tasa ribar take. A daidai lokacin kuma jama'a suka fita daga kulle, masu talla suka tsuke bakin aljihu, alhali kusan dukan kuɗin shigar Meta daga talla yake zuwa. Darajar hannun jarin kamfanin ta faɗi da fiye da kashi 60 cikin ɗari a shekarar 2022.

Zuckerberg da kansa ya amsa a wasiƙarsa cewa ya zaci bunƙasar lokacin annoba za ta ɗore, kuma ya yi kuskure. Sundar Pichai na Google shi ma ya ce sun ɗauki ma'aikata ne bisa wani yanayin tattalin arziki wanda ya riga ya sauya. Meta ya ƙara sallamar mutum 10,000 a watan Maris na 2023, kuma kafin shekarar ta ƙare darajar hannun jarinsa ta kusa ninkawa uku. Sauran shugabannin kamfanoni sun ga yadda kasuwa ta yi na'am da wannan mataki.

Daga albashi zuwa gine-ginen na'urori

Ƙirƙirarriyar basira ta shigo labarin ne da farko ta ƙofar kashe kuɗi. Kwana biyar bayan Microsoft ya sanar da sallamar mutum 10,000, sai ya sanar da zuba jarin biliyoyin daloli a OpenAI. Horar da irin waɗannan na'urori da gudanar da su aiki ne mai cin kuɗi ƙwarai. Ana bukatar manyan gine-gine cike da dubban kwamfutoci na musamman, waɗanda kamfanin Nvidia ke kan gaba wajen ƙera sassan lissafinsu, ga wutar lantarki mai yawa, ga ruwan sanyaya su. A watan Janairu na 2025, Microsoft ya ce zai kashe kimanin dala biliyan 80 a shekarar kuɗinsa ta 2025 wajen gina irin waɗannan cibiyoyi. A watan Mayu na shekarar ya sallami mutum kusan 6,000, a watan Yuli ya ƙara da kusan 9,000, alhali ribarsa ta shekarar ta haura dala biliyan 100.

A nan ba za a ce talauci ne ya sa aka sallami mutane ba. Ba kuma lalle ne a ce wata na'ura ta hau kujerar kowane ɗayansu ba. Abin da ake gani shi ne dabarar kasuwanci: shugabanni sun zaɓi su karkatar da kuɗi zuwa ga na'urori, domin kowannensu na tsoron kada abokin hamayya ya riga shi. Irin wannan shawara da ake yankewa a Amurka takan iso har Afirka ta Yamma. A watan Nuwamba na 2022, bayan Elon Musk ya sayi Twitter, an sallami kusan dukan ma'aikatan ofishin kamfanin da ke Akara ta ƙasar Gana. A 2024 kuma Microsoft ya rufe cibiyar injiniyoyinsa ta Legas, wadda ya kafa a 2019.

Halin da kafofin watsa labarai suka shiga

Ciwon jaridu ya girmi ChatGPT nesa ba kusa ba. Jarida tana rayuwa ne da kuɗin talla, kuma tun farkon wannan ƙarni masu talla suka fara ƙaura zuwa Google, daga baya kuma Facebook. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta cewa ma'aikatan ɗakunan labarai na jaridun Amurka sun ragu daga kimanin 71,000 a 2008 zuwa kimanin 31,000 a 2020. Sabuwar na'ura ta tarar da mara lafiya ne a kwance, masu jaridu kuwa suka dube ta a matsayin hanyar rage kashe kuɗi.

A watan Yuni na 2023, kamfanin Axel Springer na Jamus ya sanar da rage ma'aikata kimanin 200 a jaridarsa ta Bild, ya kuma shaida wa ma'aikata cewa wasu ayyuka, irin su duba kurakuran rubutu da tace hotuna, ba za su ci gaba a yadda aka san su ba. Daga baya wata matsalar ta ɓullo. Tun watan Mayu na 2024 Google ya fara ɗora taƙaitacciyar amsa ta na'ura a saman sakamakon bincike, ta yadda mai tambaya zai iya samun abin da yake nema ba tare da ya shiga shafin jaridar da ta yi wahalar tattara bayanin ba. Idan masu shiga shafi suka ragu, kuɗin talla ya ragu ke nan. A watan Mayu na 2025, kafar Business Insider ta sallami kashi 21 cikin ɗari na ma'aikatanta, tana mai kafa hujja da raguwar masu ziyara. Jaridar New York Times kuwa kotu ta garzaya a watan Disamba na 2023, tana ƙarar OpenAI da Microsoft bisa zargin sun horar da na'urorinsu da labaranta ba da izini ba.

Inda ta maye gurbi da inda ta gaza

Akwai wuraren da na'urar ta karɓe aiki kai tsaye. Kamfanin Chegg na Amurka yana sayar wa ɗalibai taimako kan aikin gida. A watan Mayu na 2023 shugabansa ya ce ChatGPT na janye masa sababbin masu saye, kuma cikin yini guda darajar hannun jarin kamfanin ta faɗi da kusan rabi. Bayan shekara biyu ya sallami kashi 22 cikin ɗari na ma'aikatansa. A wannan wata na Mayun 2023 kuma shugaban IBM, Arvind Krishna, ya ce daga cikin ma'aikatan ofis kimanin 26,000 da ba sa hulɗa da abokan ciniki, yana ganin na'ura za ta iya ɗauke aikin kashi 30 cikin ɗari a cikin shekara biyar, wato guraben mutum 7,800. Ayyukan da yake nufi su ne masu maimaituwa, kamar rubuta takardar shaidar aiki.

Akwai kuma inda aka yi gaggawa. Kamfanin Klarna na ƙasar Suwidin, mai harkar biyan kuɗi, ya sanar a watan Fabrairu na 2024 cewa na'urarsa mai amsa koke-koken abokan ciniki tana yin aikin mutum 700. Zuwa watan Mayu na 2025, shugaban kamfanin ya amsa cewa an fifita rage kashe kuɗi har ingancin hidima ya ragu, kuma za su sake ɗaukar mutane domin mai koke ya sami ɗan Adam da zai yi magana da shi.

Misalin da ya fi kusa da aji shi ne na CNET, wata kafar labaran fasaha ta Amurka. Daga watan Nuwamba na 2022 ta fara wallafa maƙaloli kan harkar kuɗi waɗanda na'ura ta rubuta. Da asiri ya tonu a watan Janairu na 2023, aka sake duba maƙaloli 77, sai da aka yi gyara a 41. A ɗaya daga cikinsu, na'urar ta ce wanda ya ajiye dala 10,000 a banki bisa ruwan kashi 3 cikin ɗari zai sami ribar dala 10,300 a ƙarshen shekara. Ɗalibin da ya natsu a darasin lissafi ya san ribar dala 300 ce, 10,300 kuwa jimlar uwar kuɗi ce da ribar. Wannan shi ne abin da aka bayyana tun farko: jimlar ta tsaru, kalmomin sun dace da juna, amma lissafin ya karkace.

Abin da ɗalibi da malami za su riƙe

Duk lokacin da aka ji labarin wani kamfani ya sallami dubban ma'aikata saboda ƙirƙirarriyar basira, yana da kyau a tsaya a tambaya: riba kamfanin yake ci ko asara? Ma'aikata nawa ya ɗauka a shekarun baya? Ina ya karkatar da kuɗin da ya tsimi? Wane aiki takamaimai na'urar ta karɓa? Ambaton na'ura ya fi daɗin faɗa wa masu hannun jari fiye da amsa cewa an yi kuskuren lissafi, don haka ba kowace sanarwa ake haɗiyewa ba tare da taunawa ba. Ko a inda na'urar ta iya aikin, mutane ne ke zama a ɗakin taro su yanke shawarar ko a sallami ma'aikaci ko a koya masa wani aikin.

Game da zaɓen fanni kuwa, misalan nan sun nuna cewa aikin da ake maimaitawa kullum bisa tsari ɗaya shi ya fi fuskantar barazana, ko da a ofis mai sanyi ake yin sa. Wanda ya san fanninsa da kyau har zai iya duba abin da na'ura ta rubuta ya gane inda ta kauce, bukatarsa tana nan. Saboda haka malamin da ya ga ɗalibansa sun fara kai wa ChatGPT aikin gida, zai iya juya abin ya zama darasi: ya sa su kawo amsar da na'urar ta bayar, a rubuta ta a allo, ajin ya bi ta layi-layi da alli da littafi har a tabbatar ko ta yi daidai.