Shin Ko Kun San? Kwaɗo a Maƙogwaron Bature

Shin ko kun san cewa a duk kalmomin aikatau na Turanci, in aka cire "be", babu wadda aka fi amfani da ita kamar "have"? Ƙididdigar masu ƙamus na Oxford ce ta nuna haka. Haruffa 4 kacal! Aikinta nuna mallaka, wato "ina da". To, ku saurari abubuwan da Bature ke cewa yana da su.

Kwaɗo! Murya na dishewa sai ya ce "I have a frog in my throat". Wai kwaɗo ne a maƙogwaronsa. Shi kuwa Bafaranshe, kyanwa ce ke maƙale masa. 'Yan bokon Nijar, ku ne shaida.

Ciki fa? Ga ɗalibi a ƙofar ɗakin jarrabawa, tafin hannu ya jiƙe da gumi, gaba na dukan uku-uku. Wannan shi ne "have butterflies in your stomach". Malam-buɗe-littafi ke shawagi a tumbinsa!

Hula ma ba ta tsira ba. "Have a bee in your bonnet", ƙudan zuma a cikin hula ke nan. Mutumin da magana ɗaya ta shige masa rai, ko yaushe ita yake nanatawa.

Ku riƙe dariyarku. Wanda ya rikice, hankalinsa ya tashi, a Ingila sai a ce "have kittens", wai ya haifi 'yan kyanwa. A Amurka? "Have a cow". Saniya guda sukutum!

Wanda duk abin da ya shuka sai ya yi kyau, a Ingila an ce yana da "green fingers", korayen yatsu. Amurkawa suka yi rowa, suka ba shi "green thumb", babban yatsa kaɗai.

"Have a chip on your shoulder" kuwa na mai ƙullaci ne, mai jiran ƙiris. A Amurka ta ƙarni na 19, yaro mai neman faɗa kan ɗora guntun itace a kafaɗa, ya ce wanda ya isa ya kaɓar!

Ga tsohuwar zuma. "You can't have your cake and eat it": ba ka cinye kek kuma ya kasance yana hannunka. Tun 1546 tana cikin littafin karin magana na John Heywood. Kusan shekara 480! Mu kuma tuni mun yanke hukunci: taura biyu ba ta taunuwa.

Gobe ku tare malamin Turanci na unguwarku, ku tambaye shi batun saniyar nan.