Tsadar Unguwa Ba Ta Hana Ruwa Shiga Gida

Akwai wata fahimta da ta zauna daram a zukatan masu neman gida a biranenmu, musamman waɗanda Allah Ya hore wa abin hannu. Fahimtar ita ce wai ambaliya lalurar unguwannin talakawa ce, inda aka cushe gidajen laka a kan hanyar ruwa, aka toshe kwatoci da leda da shara. Unguwar manya kuwa da ke bakin kogi, mai kwalta da itatuwa da masu gadi a bakin get, an ɗauka ta fi ƙarfin wannan. Masu wannan ra'ayi mutane ne masu hankali, kuma suna da abin kafa hujja. Sukan ce mai kuɗi ba zai zuba miliyoyinsa a inda ruwa zai ci ba. Sukan ce hukuma ce ta yanka filayen, ta ba da takardu. Sukan nuna maƙwabta da suka shekara da shekaru lafiya lau, su ƙara da cewa ko ruwan ya zo, ai akwai katanga da fandisho mai tsayi. Sannan ga abin da ido ke gani, wanda ni ma ba na musunsa: bakin kogi akwai sanyi, akwai iska, akwai shiru. Duk wanda ya taɓa tsayawa da la'asar sakaliya a gefen Kogin Kaduna ta wajen Gamji ya san abin da ke jan mutum ya so buɗe tagarsa kullum ya ga wannan shimfiɗar ruwan.

Sha'awar halal ce, ba ni da ja a kanta. Hukuncin da aka gina a kanta shi ne nake ganin akwai gyara, kuma zan ɗauki Kaduna a matsayin babban misali, domin kogi ne ya raba garin biyu.

Mu fara da maganar tsada. Farashin fili yana gaya maka abin da mutane ke rububi a kai: kusanci da tsakiyar gari, tsaro, hanya mai kyau, wutar lantarki, da irin mutanen da za ka yi maƙwabtaka da su. A cikin waɗannan babu wanda ke ɗaga ƙasa ko da taƙi ɗaya. Ruwa gangare yake bi. A watan Agustan 2003, da Kogin Kaduna ya tumbatsa, ya shiga sassan Malali da Unguwan Rimi da Barnawa da sabon yankin Kigo Road, kuma waɗannan sunaye ne da ba a ambatarsu idan ana lissafin unguwannin marasa galihu. Daga baya ma, a 2012 da wasu damunan da suka biyo, an sake jin sunan wasu daga cikinsu a labarai.

Inda ruɗanin yake shi ne sunan unguwa ɗaya yana rufe ƙasa iri biyu. Asalin unguwar an kafa ta a kan tudu. Da filaye suka ƙare, kuɗi kuma suka ƙaru, sai aka riƙa yanka sababbin layuka ana gangarawa, layi bayan layi, har aka isa inda a da ake noman rake da shinkafa da lambun rani. Sabon layin ya gaji sunan tsohuwar unguwar, ya gaji farashinta, amma bai gaji tudunta ba. Kakanninmu da suka bar fadama ga lambu suka kafa gari a jigawa sun san abin da suke yi; sun ga shekarun da kogi ke dawowa ya karɓi wurinsa. Dillali kuwa suna yake sayarwa. Zai ce maka, "Alhaji, nan fa Malali ce," kuma bai yi ƙarya ba. Tambayar da ba a cika yi masa ba ita ce: wace Malalin, ta sama ko ta ƙasa?

Sai maganar takardu, wadda ita ce ta fi kwantar wa mutane da hankali. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, takardar mallakar da yake sa wa hannu kuma izinin zama ce na wani adadin shekaru, galibi 99 ga gidan zama. Takarda ce mai daraja, kuma ba na ba kowa shawarar sayen gida ba tare da ya je hukumar filaye, irin KADGIS a Kaduna, ya tantance ta ba. Amma amsar da take bayarwa ita ce ta tambayar "na wane ne?" Ba ta ɗauke da alkawarin cewa ruwa ba zai zo ba, kuma gwamnan da ya sa hannu ba zai biya ka kujerun falonka ba. Ita wannan dokar ma ta ba shi ikon soke izinin idan maslahar jama'a ta buƙaci haka, buɗe hanyar ruwa kuwa tana iya shiga ciki. Abin da ya faru a rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe a Abuja ya isa izina. Tsararren rukuni ne, mai get da layuka, wanda ma'aikata da 'yan kasuwa suka sayi gidaje a ciki da guminsu. A watan Yunin 2023 ruwa ya mamaye gidaje fiye da ɗari, hukumar birnin tarayya ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i, aka shiga maganar rusau. Wanda ya sayi gida a can ya wayi gari tsakanin ruwa da katafila.

Hujja ta uku ita ce wadda na fi so mu tsaya a kanta, domin ita ce ke kama da gaskiya tsantsa: "Shekara goma muna nan, ko tsakar gida ruwa bai taɓa shigowa ba." Mai faɗin haka yawanci gaskiya yake faɗa. Matsalar ita ce shekara goma ba ta isa shaida a kan kogi ba, kuma lissafi mai sauƙi yana nuna haka. Ɗauki filin da ruwa ke kaiwa sau ɗaya cikin shekara 20 a matsakaici, wato kashi 5 cikin 100 a kowace damina. Yiwuwar irin wannan fili ya yi shekara 10 a jere bai ga ruwa ba ta kai kusan kashi 60 cikin 100. Ke nan shaidar maƙwabcinka ita ce abin da aka fi tsammani ko da a wuri mai haɗari. Yanzu ɗauki filin da ya fi wannan aminci nesa ba kusa ba, wanda masana ke cewa ambaliyarsa ta sau ɗaya ce cikin shekara 100. Mutane na jin haka sai su ɗauka sai jikokinsu ne za su gani. Alhali ma'anarsa kashi 1 cikin 100 ne a kowace shekara, wanda idan ka tara shi cikin shekara 30 yana kaiwa kusan kashi 26. Shekara 30 kuwa ita ce iyakar wa'adin bashin gida na Asusun Gidaje na Ƙasa da ma'aikata da yawa ke dogaro da shi. Mutum na iya kasancewa yana biyan bashin gidan da ruwa ya riga ya kore shi daga ciki.

Maiduguri ta koya mana wannan da tsada. Madatsar Alau ta yi ambaliya a 1994, sannan aka yi shekara 30 cur. Yaran da aka haifa bayan wancan ruwan sun girma, sun yi aure, wasu sun gina gidajensu ba su taɓa ganin irinsa ba. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ta ɓalle, ruwa ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga asibitin koyarwa, ya shiga gidan namun daji da gidan yari. Duk wanda aka tambaya a 2023 zai iya rantsuwa cewa shekara 29 ba a ga irin wancan ruwan ba, kuma rantsuwarsa ba za ta kama shi ba.

Ƙari a kan haka, kogin da maƙwabcinka ya sani shekara goma da suka wuce ba shi ne na yau ba. Kowane sabon rufin kwano, kowace farfajiya da aka shafe da siminti ko intalok, tana hana ƙasa shan ruwa, ta tura shi kwata, kwata ta tura shi kogi cikin gaggawa. Kuma Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos yake tasowa, saboda haka ruwan da zai shigo maka falo ba lallai ne ya sauka a kan rufinka ba. Mutanen Yola da Makurdi da Lokoja sun fi kowa sanin wannan, su da ke zuba ido a kan madatsar Lagdo ta Kamaru kowace damina. A ambaliyar 2012 hukumar NEMA ta lissafa mutum 363 da suka rasu da fiye da miliyan 2 da suka rasa matsuguni. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600.

Katanga da fandisho mai tsayi suna da amfani, ban raina su ba. Suna tare ruwan sama mai gudu a kan titi, suna ba iyali sa'o'in kwashe kaya. Amma idan kogi ya cika, ruwan ƙarƙashin ƙasa ma tasowa yake yi. Sokawe ya cika ya daina karɓa, bayi ya fara dawo da abin da aka zuba masa, kwatar da ke fitar da ruwa daga gida ta juya ta zama hanyar shigo da shi. Rijiyar burtsatse tana iya gurɓata a daidai lokacin da aka fi buƙatar ruwa mai tsabta. Ko a shekarar da ba a yi ambaliya ba, gidan da ke kan fadama yana fama da laima: fenti na kumbura yana ɓarewa daga ƙasan bango, kayan da ke cikin kabad suna funfuna, sauro kuma ba ya ƙarewa. Idan kuwa ana maganar shinge ne, mutanen Yamai suna da shingen da ya fi katangar kowane attajiri, wanda aka gina don kare unguwannin bakin Kogin Kwara. A damunar 2020, da kogin ya kai matsayin da ba a taɓa aunawa ba a birnin, shingen unguwar Lamorde ya karye, unguwanni suka nutse.

A nan akwai gaskiyar da dole a ba masu wancan ra'ayi: talaka ya fi shan wahalar ambaliya. Gidansa na laka rushewa yake yi, na bulo kuwa yakan tsaya. Mai hali yana da otal ko gidan ɗan'uwa da zai koma, talaka kuwa sai ajin makarantar firamare. Amma wannan bambancin juriya ne bayan ruwa ya shigo, ba shaida ba ce cewa ba zai shigo ba. Akwai kuma abin da ke damuna fiye da asarar kujeru da motoci. Duk tifar ƙasa da aka juye don cike fadama a ɗaga gida, ruwan da ya saba kwanciya a nan bai ɓace ba. Ya koma gidan wanda ba shi da kuɗin ciko, a ƙasa da kai ko a tsallaken kogi. Haƙƙin maƙwabci ba ƙaramin abu ba ne a addininmu, kuma ina ganin ya kamata mai saye ya sa wannan a ma'auni tun kafin ya kira magina.

Ba cewa nake yi a guji bakin kogi ɗungurungum ba. Akwai gaɓa mai tudu da dutse wadda kogi bai taɓa hawa ba, kuma wanda ya samu gida a irin wannan wuri ya dace. Abin da nake cewa shi ne a daina karɓar farashi da suna da takarda a madadin bincike. Gani ya kori ji. Je ka duba gidan a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, washegarin ruwa mai ƙarfi, ba a watan Fabrairu ba da kogi ya koma tsibiran yashi. Zagaya bayan katanga, inda ba a damu da yi wa fenti ba, ka nemi layin da ruwan laka ya bari a jikin bulo. A cikin gida, ka lura ko an sabunta filasta da fenti daga ƙasa zuwa ƙugu kawai, ko an ɗaga soket ɗin wuta sama da inda aka saba, ko an gina wa janareta dakali mai tsayin da ya wuce misali. Dubi ƙofofin maƙwabta: idan kowa ya gina tudun siminti a bakin get ɗinsa, akwai dalili.

Sannan ka tambayi waɗanda ba su da kamasho a cinikin. Mai gadin layin, masu lambu, masunta, masu wankin mota a bakin ruwa, da masu ɗibar yashi. Ka gaishe da dattijon cikinsu yadda ya kamata, ka ce, "Baba, a shekarar babban ruwa, ina ya tsaya?" Zai ɗaga sanda ya nuna maka bishiya ko turken wuta. Daga nan ka ɗauki safiyo naka na kanka, ba na mai sayarwa ba, ya auna maka tazarar tsayi tsakanin wannan alamar da daɓen gidan. Ka je hukumar tsara birni, KASUPDA idan a Kaduna ne, ka tambayi ratar da doka ta ce a bari tsakanin gini da gaɓar kogi, ka tabbatar gidan bai shiga ciki ba. Ka duba hasashen ambaliya da hukumar NIHSA ke fitarwa kowace shekara kafin damina. Ka kuma tuntuɓi kamfanin inshora ka ji ko za su karɓi gidan da sharaɗin ambaliya a ciki, da nawa za su caje ka, domin su da kuɗinsu suke auna haɗari. Idan mai gida ya matsa lallai sai an biya kafin ruwa ya sauka, ka nemi a rubuta yarjejeniyar da za ta ba ka damar ganin damina ɗaya tukuna, ko ka kama hayar gidan na shekara kafin ka saya.