Kwaikwayon Ba'a a Finafinan Kurmi: Tarzan da Masu Yi Masa Dariya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi wani rukuni na finafinan ban dariya, na mutane da na zane mai motsi watau katun, waɗanda aka shirya a Amurka da Turai don yi wa jarumin kurmi ba'a, musamman Tarzan. Abin da ake nufi da kwaikwayon ba'a a nan shi ne a ɗauki siffar wani sanannen abu, da muryarsa da takunsa, a maimaita su yadda kowa zai shaida su, sa'an nan a karkatar da su har abin girmamawa ya koma abin dariya. Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. 'Yan kama, waɗanda C.G.B. Gidley ya yi nazarin sana'arsu a 1967, sukan ari muryar malami da salon wa'azinsa, amma su cika su da zancen tuwo da miya. Sharaɗin abin ɗaya ne ko'ina: sai mai sauraro ya san asalin, domin wanda bai taɓa jin wa'azi ba ba zai ga abin dariya a bakin ɗan kama ba.

Za a nuna cewa waɗannan finafinai sun kayar da jarumin ƙwarai da gaske, amma kurmin ƙarya da aka gina masa, da irin mutanen Afirka da aka zuba a cikinsa, sun daɗe a tsaye ba wanda ya taɓa su.

2.0 Jarumin da Ake Kwaikwaya

Edgar Rice Burroughs, wani Ba'amurke ne wanda bai taɓa sa ƙafa a Afirka ba, shi ya ƙago Tarzan. Labarin ya fara fitowa a mujallar All-Story a 1912, aka buga shi littafi a 1914 da sunan Tarzan of the Apes. Ɗan wani basaraken Ingila ne wanda iyayensa suka mutu a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, birai suka raine shi, ya tashi ya fi kowane mahaluki na kurmin ƙarfi da wayo. Sunan kansa, a yaren biran da marubucin ya ƙirƙiro, farar fata yake nufi. Ƙarancin sanin Burroughs ya fito fili tun daga farko, don kuwa a bugun mujalla ya sa damisar nan mai ratsi-ratsi ta ƙasashen Asiya a dajin Afirka, sai a littafi aka mai da ita zakanya.

Sai dai ba Tarzan na littafi masu ba'a suka sa a gaba ba. Wancan mutum ne mai kaifin basira, wanda ya koya wa kansa karatun Ingilishi daga littattafan mahaifinsa, daga baya ya koyi magana da Faransanci. Wanda duniya ta sani shi ne na kamfanin MGM, watau Johnny Weissmuller, gwanin ninkaya mai lambobin zinariya 5 na wasannin Olamfik, wanda ya fara fitowa a Tarzan the Ape Man a 1932, ya yi finafinai 12 kafin ya ajiye warkin a 1948. Shi ya tsayar da alamomin jarumin: warki, da lilo da igiyoyin kurmi daga itace zuwa itace, da kururuwar nan mai tsawo wadda ke zaman kirarinsa, da magana guntu-guntu, da Jane, da biri mai suna Cheeta wanda babu shi ma a littattafan. Sunan ya kai ko'ina. A fim ɗin Jean Rouch na 1958, Moi, un noir, ɗaya daga cikin samarin Nijar 'yan ci-rani a Abijan Tarzan ne laƙabinsa.

Kurmin nasa kuwa a Amurka aka haɗa shi. Giwayen Indiya aka liƙa wa manyan kunnuwa don su yi kama da na Afirka, aka cike giɓi da ragowar hotunan da aka ɗauko a Afirka ta Gabas don fim ɗin Trader Horn. Baƙaƙen fata ba su wuce matsayi biyu ba, ko dai 'yan dako masu tsoro ko 'yan ƙabila masu kisa. Akwai wani wuri a fim ɗin 1932 da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin za a koma kansa: wani ɗan dako ya zame daga kan dutse ya faɗa ya mutu, tambayar farko da Bature ya yi ita ce me ke cikin kayan da yake ɗauke da su.

3.0 Inda Ba'ar ta Sauka

Tun ba a je ko'ina ba aka fara dariya, kuma daga cikin gida. A 1934 kamfanin MGM da kansa ya fitar da Hollywood Party, inda Jimmy Durante, ɗan wasan da aka sani da ƙaton hanci, ya fito a matsayin Schnarzan, tauraron finafinan kurmi wanda kasuwarsa ta fara faɗuwa saboda zakunansa sun gaji, har yana neman sayen sababbi. Wadda ta fito a matsayin abokiyar zamansa ta kurmi, Lupe Vélez, ita ce matar Weissmuller a lokacin. Wannan ya nuna cewa ba'ar ba gaba ba ce. Ta fi kama da wasan taubasai, wanda ba ya raba zumunci.

Wanda ya fi kowa iya wannan sana'a shi ne katun ɗin George of the Jungle, wanda Jay Ward da Bill Scott suka shirya wa talabijin ta ABC a 1967. Kashi 17 kawai aka yi, amma ya daɗe a zukatan masu kallo, kuma dalilin haka yana cikin tsarinsa. Masu shirin sun bi alamomin Tarzan ɗaya bayan ɗaya suna kifar da su. George yana da ƙirar jarumi, ƙirji da damatsa, yana da kururuwa, yana lilo, amma ƙarshen lilon kullum karo ne da itace, duk kuwa da gargaɗin da waƙar buɗe shirin take yi masa. Yakan manta cewa gidansa a kan bishiya yake, ya fito ƙofa ya rikito ƙasa. Giwarsa mai suna Shep, shi a wurinsa kare ce. Abokiyar zamansa Ursula kuwa bai ma tantance mace ce ba. Daɗin daɗawa, mai ilmin gidan shi ne goggon biri, wanda ke magana da lafazin masu ilmin Ingila yana fid da ubangidansa daga rami.

Wannan juyi na ƙarshe ya fi sauran nauyi. Ginshiƙin labarin Burroughs shi ne cewa jinin sarautar Ingila ba ya ɓoyuwa, ko a cikin birai aka raini mai shi sai ya mulke su. Da aka ba biri hankali aka bar wa Bature damatsa kawai, an tumɓuke wannan ginshiƙi ke nan, ko da masu shirin ba su faɗa da baki ba. Haka kuma karon da itace ba wauta ce kurum ba. Tambaya ce da duk mai hankali zai yi wa finafinan MGM, watau yadda mutum zai yi ta shawagi a kurmi mai duhu, igiya na jiransa a duk inda ya miƙa hannu, bai taɓa cin karo da kome ba.

A Turai ba'ar ta karkata wajen batsa. Carry On Up the Jungle na Ingila (1970) ya sa Terry Scott, mutum mai jiki, a cikin warki, yana lilo yana afka wa abin da ya tare shi. Katun ɗin Tarzoon, la honte de la jungle, wanda Picha da Boris Szulzinger suka yi a 1975, ya mai da jarumin rago marar kataɓus wanda ya kasa gamsar da matarsa. Magadan Burroughs sun kai ƙara a kansa, kuma da fim ɗin ya isa Amurka an cire sunan Tarzoon, ya zama Shame of the Jungle.

4.0 Abin da Ba'ar ta Tsallake

Idan aka kau da ido daga jarumin aka dubi bayansa, sai a ga ba abin da ya motsa. A Road to Zanzibar (1941) na Bob Hope da Bing Crosby, da Africa Screams (1949) na Abbott da Costello, matsoratan Turawa ne suka maye gurbin jarumi, amma abin da ke ba su tsoro shi ne masu cin naman mutane, kamar dai yadda tsofaffin finafinan kurmi suka saba nunawa. Carry On Up the Jungle ya ɗara su, domin jagoran 'yan dakon Bature ne, Bernard Bresslaw, aka shafa masa baƙi. An ruwaito cewa ya wahala ya haddace maganganunsa da harshen Ndebele, da aka zo ɗauka sai aka tarar sauran 'yan wasan baƙaƙe 'yan asalin tsibiran Karebiyan ne, ba wanda ya ji abin da yake faɗa. Ko a katun ɗin 1967 akwai Di'o Bature da boka da sauran kayan da aka gada.

Dalilin haka ba boyayye ba ne idan aka tuna sharaɗin da aka ambata a farko. Mai kwaikwayon ba'a yana taɓa abin da masu kallonsa suka riga suka gane ƙarya ne ko wuce gona da iri. Masu kallo a Amurka da Ingila sun san mutum ba ya kokawa da kada kullum ya tashi lafiya, saboda haka suka yi wa jarumi dariya. Amma Afirkar da aka nuna musu ba su da wata da za su gwada ta da ita, sai suka karɓe ta a matsayin gaskiya, mai ba'a kuma ya bar ta don ya sami dandalin da zai tsaya. Ɗan kama ma, ai malamin yake kwaikwaya, ba ya rushe zauren.

Sai a 1997 aka ga canji na a-zo-a-gani, lokacin da kamfanin Disney ya mai da George of the Jungle fim na mutane, Sam Weisman ya ba da umarni, Brendan Fraser ya fito a George, John Cleese ya yi muryar birin. A nan 'yan rakiyar Afirka su ne masu hankalin tafiyar. Suna yi wa Lyle, attajirin Ba'amurke mai girman kai, ba'a da Suwahili a gabansa bai sani ba. Da ya fito da kyamarar Polaroid yana zaton za su ɗauke ta tsafi, sai ɗayansu ya amsa cewa shi hoton kyamarar Leica ya fi yi masa kyau, ya kuma ƙara da cewa gilashin ta Lyle ya yi datti. Har ila yau, an maimaita faɗuwar ɗan dakon nan na 1932: Lyle ya jawo wani ya faɗo daga gadar igiya zuwa cikin kwazazzabo, amma mai ba da labari ya tabbatar wa masu kallo cewa ba mai mutuwa a wannan labari, mutumin ya dawo da bandeji, yana hararar wanda ya jefa shi. Wanda a da ba a tambayi ko sunansa ba, yanzu shi masu kallo ke goyon baya.

Duk da haka bai kamata a zuzuta wannan canji ba. 'Yan rakiyar suna ɓacewa daga labarin da zarar an gama dariyar, sarautar kurmi kuma tana nan a hannun George, wawa ne ko ba wawa ba. Fim ɗin ya rufe da shi a kan dutse yana ɗaga ɗansa sama dabbobi na kallo, watau kwaikwayon The Lion King na 1994, wanda ke nuna an sami magaji. Bayan shekara biyu, a 1999, kamfanin Disney ya fitar da nasa katun na Tarzan, ba na ba'a ba, ya kuma kauce wa matsalar ta wata hanya dabam: bai sa mutumin Afirka ko ɗaya a cikin kurmin ba.