Bayani Kan Zaɓen Na'urar Kwafar Faifai Domin Sana'a Ko Aikin Ofis

An shirya wannan bayani ne domin amfanin mazauna karkara masu niyyar kafa sana'ar kwafar faya-fayai, da kuma jami'an ƙananan hukumomi waɗanda aka ɗora wa alhakin sayen kayan aiki. Na'urar kwafar faifai ita ce wadda ake saka mata faifan asali guda ɗaya, ta juye abin da ke cikinsa a kan faya-fayai masu yawa a lokaci guda, ba tare da an haɗa ta da kwamfuta ba. Abin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne, yawan aikin da ke gabansa da irin wutar da yake samu su ne za su zaɓa masa na'ura.

A fara da tantance kasuwa

Faifan CD ya shigo kasuwa a 1982, na DVD a 1996, na Blu-ray kuma a 2006. A shekarun da kasuwar finafinan Hausa ta bunƙasa a Ƙofar Wambai ta Kano, faifai ne hanyar da fim da wa'azi da karatun Alƙur'ani ke isa ƙauyuka. Yanzu al'amarin ya canja, domin galibin jama'a sun koma ga wayar hannu da katin memori. Hatta kamfanin Sony ya daina ƙera faifan Blu-ray na naɗa a 2025. Saboda haka, kafin mutum ya zuba jarinsa, ya zauna ya ƙidaya masu buƙatar faifai a yankinsa: masu ɗaukar bikin aure da suna, makarantu, malamai masu tafsiri, da ofisoshin da ke raba saƙonnin rigakafi ko na aikin gona. Idan mafi yawansu sun fi son filash, akwai na'urorin da ke kwafa daga faifai zuwa filash ko katin memori, kuma irinsu ne suka fi dacewa da shi.

Nau'o'in na'urar

Nau'i na farko shi ne mai siffar dogon akwati, wanda aka jera wa aljihunan faifai daga sama zuwa ƙasa. Aljihun sama na karanta faifan asali, sauran kuma suna naɗa. Akwai mai aljihu 1, 3, 5, 7 ko 11. Mutum ne ke saka faifai ya cire da hannunsa, amma ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin gyara.

Nau'i na biyu yana da hannu na inji da ke ɗaukar faifai ya saka da kansa, wasu ma suna buga suna da hoto a bayan faifan. Wannan yana da tsada, kuma samun mai gyaransa da tawadarsa a karkara abu ne mawuyaci. Ga ƙaramar sana'a da ofishin ƙaramar hukuma, nau'in farko ya wadatar.

Lissafin yawan aiki

Faifan CD yana ɗaukar megabait 700, wato kimanin minti 80 na sauti. DVD na ɗaukar gigabait 4.7, mai hawa biyu 8.5, Blu-ray kuma 25. Cikakken DVD yakan ci kusan minti 6 idan an naɗa shi a gudun 16x. Idan aka haɗa da sakawa da cirewa da dubawa, a ƙaddara minti 10 ga kowane zagaye. Ke nan na'ura mai aljihu 7 za ta fitar da faifai kimanin 42 a awa guda, mai aljihu 3 kuma 18. Wanda aikinsa bai wuce faifai 100 a mako ba, mai aljihu 3 ta ishe shi, rarar kuɗin ya sayi faya-fayai masu kyau da ita.

Abubuwan dubawa kafin a biya kuɗi

Na ɗaya, wuta. Lantarkin Najeriya bolt 230 ne, alhali wasu na'urorin da aka yi wa kasuwar Amurka an saita su a kan 110 zuwa 120. A duba rubutun da ke bayan na'urar kafin a jona ta. Haka nan idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar naɗa, duk faya-fayan da ke ciki sun lalace. Don haka a sanya kuɗin sitabilaiza da na'urar UPS cikin lissafi tun farko, ko da janareta ko sola za a yi amfani da su.

Na biyu, a nemi mai rumbun ajiya a cikinta. Da shi za a juye faifan asali sau ɗaya a ajiye, ba sai an yi ta karanta shi har ya karce ba.

Na uku, ta zama tana iya kwatanta kwafi da asali bayan ta gama, domin a gano faifan da bai naɗu daidai ba kafin ya isa hannun mai saye.

Na huɗu, ta karɓi DVD-R da DVD+R duka. Tsofaffin na'urorin kallo da ke gidaje sukan fi karɓar DVD-R, kuma naɗa a matsakaicin gudu yana rage tsallen hoto.

Na biyar, a tambayi mai sayarwa ko ana samun aljihun canji, domin shi ne ke fara gajiya. A kuma buƙaci ya gwada kowane aljihu a gaban mai saye, ya ba da rasit da takardar garanti. Bayan an kawo ta, a ajiye ta inda iska ke shiga, a riƙa rufe ta saboda ƙurar hunturu.

Kiyaye doka

Mallakar na'ura ba ta ba mutum ikon kwafar aikin wani ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta haramta kwafar fim ko waƙa ko karatun wani domin sayarwa ba da izinin mai shi ba. Wanda aka kama yana iya rasa na'urarsa, ya kuma fuskanci tara ko ɗauri. A riƙa karɓar izini a rubuce, a kuma tuntuɓi Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya kan batun rajista kafin a fara aiki.

Ga jami'an ƙananan hukumomi, ana shawartarsu da su rubuta adadin faya-fayan da sashensu ke buƙata a shekara kafin su nemi a saya. Idan kuma takardun hukuma za a adana, a yi kwafi biyu a ajiye a wurare daban-daban, nesa da rana da laima, domin faifan da aka naɗa yana lalacewa da daɗewa.