Wa Ke Rubuta Bayanin Sabunta Manhaja?

Mai POS a Kwanar Ɗangora da mai cajin waya a Tudun Wada duk sun san saƙon nan da ke cewa manhajarka ta tsufa, sauke sabuwa. Kafin mutum ya ƙona datarsa, ai yana da haƙƙin sanin abin da aka canja. Sai ya duba ya tarar da layi ɗaya tak, wai an gyara kurakurai, an inganta aiki. Wane kuskuren? Shiru.

Alhali amsar tana nan a rubuce. Yawancin masu rubuta manhaja da Git suke adana aikinsu, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a watan Afrilun 2005 don tafiyar da aikin Linux. Duk sanda mutum ya yi gyara ya adana, Git zai riƙe sunansa, da lokacin, da layukan da ya taɓa, da ɗan bayanin da ya rubuta da hannunsa. Wannan ajiya ita suke kira komit. A Linux, kowace fitowa takan ƙunshi komit sama da 10,000.

Tunda komai a rubuce yake, sai aka ce na'ura ta riƙa tattarowa mana. Ana sa alama a tsohuwar fitowa da sabuwa, a umarci Git ya zayyano duk abin da ke tsakani. A 2021 shafin GitHub, inda ake ajiye ayyukan Git, ya mayar da aikin ya zama danna maɓalli ɗaya. Akwai kuma ƙa'idar Conventional Commits, wadda ta ce a fara bayani da feat in sabon abu aka ƙara, da fix in gyara ne, a kuma yi gargaɗi in canjin zai karya abin da aka saba. Da haka na'ura kan ware kowanne rukuninsa, har ta zaɓi lambar sabuwar fitowa: daga 2.4.1, gyara ya kai 2.4.2, ƙari ya kai 2.5.0, babban sauyi kuwa 3.0.0.

Dabara ce mai kyau, amma abin da aka zuba mata shi take amayarwa. Wanda barci ya ci ƙarfinsa ya rubuta "gyara", can kuma "sake gyara", sannan "yanzu ya yi", haka za a kwaso su a jera wa jama'a. Ko wanda ya tsaya ya rubuta da kyau ma, abokin aikinsa yake wa magana. Kamar littafin bashin mai kanti ne: babu ƙarya a ciki, amma ba a miƙa wa mai saye shi a ce ga farashi. Abin da Olivier Lacan ya yi ta jan kunne a kai ke nan a shafinsa na Keep a Changelog.

A ce komit ya ce an ƙara lokacin jiran amsa daga daƙiƙa 10 zuwa 30. Ga ɗan kasuwar Doguwa da ke can bayan dajin Falgore, abin da zai amfane shi shi ne a ce masa: "In sabis ya yi rauni, manhajar ba za ta yi saurin katse tura kuɗi ba." Wannan jimla sai wanda ya san mai amfani da abin zai iya tsara ta.

Don haka matasanmu masu rubuta manhaja a Kano, ku bar na'ura ta tattaro jerin, ku kuma ku zauna ku tace, ku zubar da abin da bai shafi mai waya ba, ku sa abin da zai iya jawo masa asara a sahun farko. In Hausawa ne masu amfani da manhajar, ku rubuta musu da Hausa.