Cokali a Bakin Mai Farfaɗiya, da Sauran Abin da Ake Faɗa Kan Jijiya

Kalmar "jijiya" ta ɗauki kaya fiye da ƙarfinta. Hanyar jinin da ma'aikaciyar jinya ke lalube a hannu kafin ta ɗaura ƙarin ruwa, jijiya muke ce mata. Agarar bayan diddige, ita ma jijiya. Fararen zaruruwan da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi ma sunan ke nan. Abu uku, aiki uku, suna ɗaya. Shi ya sa idan aka ce wane na fama da ciwon jijiya, sai kowa ya kawo maganin da ya sani, ba tare da an tsaya an tantance wace jijiyar ba.

Ta ukun ce abin maganarmu. Cibiyarta ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin saƙo kusan biliyan 86. Daga ƙeya laka ta sauka ta cikin ƙashin baya, ta fitar da jijiyoyi 31 ta dama, 31 ta hagu, su kuma su yi rassa har yatsun ƙafa. Saƙon da ke bin su ɗan ƙaramin lantarki ne, mafi saurinsa yakan ci mita 120 a daƙiƙa guda. Wanda ya riƙe wannan taswira a ransa zai iya auna yawancin abin da ake faɗa a majalisa da wanda ake turowa a WhatsApp.

Farfaɗiya ce ta fi shan ƙage. Ana cewa wanda ya taɓa yawun mai ita, ko ya tsallaka inda ya faɗi, zai ɗauka. Ƙarya ce tsagwaronta. Farfaɗiya ba ta da ƙwayar cutar da za ta tashi daga wani ta kama wani. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, waɗanda suka saba aika saƙo cikin tsari, sai su ɓarke da aikawa gaba ɗaya, jiki ya sandare, ya kama jijjiga. Akwai na'urar da ke zana wannan hargitsi a takarda ko a fuskar kwamfuta. Wani likitan Jamus, Hans Berger, shi ya fara ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwar mutum a 1924. Sanadin kuwa sau da yawa sananne ne: doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, buguwar kai a haɗarin babur. Wannan ƙarya tana da tsada. Mace ta faɗi kusa da murhu, mutane su ja da baya suna salati, babu mai janye ta, ta farfaɗo da ƙunar da ta fi ciwon kansa illa.

Sai cokali. Wai idan ba a cusa wani abu a baki ba, mai farfaɗiya zai haɗiye harshensa. Harshe a ɗaure yake da ƙasan baki, ba ya haɗiyuwa. Gaskiya ne mai jijjiga yakan ciji gefen harshe har jini ya fito, amma wannan rauni ne mai warkewa. Cokali kuwa haƙori yake karyawa, guntun ma ya iya faɗawa maƙogwaro. Ɗura ruwa ko man ja ko rubutu a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa ya fi haɗari, domin huhu za su nufa. Abin yi kaɗan ne: a kawar da wuta da ƙarfe daga kusa da shi, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, jijjigar na lafawa a kwantar da shi ta gefe. A duba agogo. Idan ta wuce minti 5, ko ta dawo bai farfaɗo ba, sai asibiti.

Masu cewa farfaɗiya ba ta da magani ma sun yi kuskure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya a duniya sun kai miliyan 50, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace. Inda ake samun matsala shi ne mutum ya ga wata uku bai faɗi ba ya ajiye ƙwayar da kansa, ciwon ya dawo da ƙarfi, sai a ce ai dama na asibiti ba ya yi. Ban ga abin da ya hana a yi addu'a a kuma sha magani ba.

Maganar da ake yawan yi cewa kashi 10 cikin 100 kawai na ƙwaƙwalwa muke amfani da shi ba ta cancanci dogon bayani ba. Gaɓar da ke cinye kashi ɗaya cikin biyar na kuzarin jiki ba zaman banza take yi ba, ko a barci.

Ɗiban ruwan baya ya fi buƙatar a tsaya a kai, domin duk lokacin zafi, idan sanƙarau ya shigo, akan samu iyayen da ke ɗauke yaro daga gado da zarar likita ya ambace shi. Tsoron shi ne allurar za ta soki laka ta gurgunta yaro, ko a zuƙe masa ruwan jiki. Laka tana ƙarewa a saman ƙugu, allurar kuma ƙasa da nan ake sa ta. Ruwan da ake ɗiba bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba, alhali jikin babba yana yin kusan rabin lita na irinsa kowace rana. Ciwon kai na 'yan kwanaki yakan biyo baya, wannan gaskiya ne. To, me ya sa ake ganin ana mutuwa bayan an ɗiba? Domin wanda ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa ake yi wa, sau da yawa bayan an kwana uku ana jiƙe-jiƙe a gida. Ciwon ya yi kisa, allura ta ɗauki laifi.

Akwai kuma wadda mutane suka faɗa daidai: allurar ɗuwawu tana iya shanye ƙafa. Jijiyar da ta fi kowace kauri da tsawo a jiki ta ɗuwawu take bi ta gangara ƙafa. Idan wanda bai ƙware ba ya soka a tsakiya ko ƙasa-ƙasa, maimakon can sama ta gefen waje, yana iya samunta, yaro ya dawo yana jan ƙafa. Irin wannan jijiya takan sake tofowa, amma a hankali, kamar milimita ɗaya a rana, wani lokacin kuma ba ta komawa daidai. Laifin na hannun da ya yi allurar ne, ba na maganin ba. Kada kuma a haɗa shi da rigakafin shan inna da ake ɗigawa a baki, wanda ta dalilinsa aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a watan Agustan 2020.

Shanyewar ɓarin jiki ita ma tana da nata tatsuniyoyin: wai fara zuba ruwa a ka wajen wanka ke kawo ta, wai a huda yatsun mai ita da allura a matse jini. Duka biyun ba su da tushe. Babban mai kawo ta hawan jini ne, wanda ke toshe hanyar jini a ƙwaƙwalwa ko ya fasa ta. Da yake ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke juya dama na jiki, kuma a yawancin mutane nan magana take, shi ya sa wanda damansa ya mutu yakan rasa baki. Idan baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, kada a ba mutumin ko ruwa, domin haɗiya ma takan lalace. Kada a ba shi asfirin kafin a yi hoton kai, domin idan fashewa ce zai ƙara zubar jinin. Maganin narkar da gudan jini, a asibitin da ake da shi, cikin awa huɗu da rabi na farko ake bayar da shi.